Amsar Bajashe ga Ɗan'uwa Bakano kan Jadawalin Cin Hanci

Malam, tambayoyi uku ka ɗaure wuri guda. Ka ce ka ga jadawalin cin hanci da ake fitarwa duk shekara, Najeriya tana can ƙasa, Gana da Nijar suna samanta, kana son jin ko mu Hausawan Jos da muke da dangi a zangunan Kumasi da Yawunde da Injamena mun yarda da hakan. Ka kuma ce an gaya maka a Jos ko takardar asali, wato ta shaidar zama ɗan asalin jiha, sai an saya. Ta ukun ba ka fito da ita fili ba, amma mun ji ta: wai mutanen da suka haura shekara ɗari a tsakiyar Birom da Anaguta da Afizere, har suna auratayya da su, ko akwai sauran kunyar Bahaushe a tare da su.

Jadawalin na ƙungiyar Transparency International ne, wadda aka kafa a Balin ta ƙasar Jamus a 1993, ta fara fitar da shi a 1995. A 2024 ƙasashe 180 ne a ciki. Ana ba kowace ƙasa maki daga 0 zuwa 100, mai yawan maki ita ce ake ganin ta fi tsabta. A na 2024 Denmak ce kan gaba da 90, Finlan 88, Singafo 84, Sudan ta Kudu ce kurar baya da 8. Najeriya ta sami 26, ta zo ta 140, kunnen doki da Kamaru. Gana 42, Jamhuriyar Benin 45, Nijar 34, Cadi 21. Matsakaicin duniya 43 ne, na ƙasashen Afirka kudu da Sahara kuma 33.

Abin da masu yawo da jadawalin a WhatsApp ba sa faɗa shi ne yadda ake haɗa shi. Ƙungiyar ba ta tura kowa ya tsaya a shingen hanya ya ƙirga kuɗin da aka miƙa. Tattaro ra'ayoyin masana da manyan 'yan kasuwa take yi daga majiyoyi 13, irin su Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka, sai ta mayar da makin kowace majiya kan ma'auni ɗaya, ta fitar da matsakaici. Ƙasar da ba ta da aƙalla majiyoyi 3 ba ta shiga. Tambayoyin duk kan ma'aikatan gwamnati ne: karɓar toshiyar baki, karkatar da kuɗin jama'a, ɗaukar aiki don sanayya, ko ana hukunta wanda aka kama, ko ana kare wanda ya tona asiri. Ra'ayin direba ko mai sayar da dankali ba ya ciki. Akwai kuma kurakurai biyu da ake yawan yi wurin karanta shi. Wasu suna kallon matsayi su bar maki, alhali ƙasa tana iya hawa matsayi biyar ba don ta gyaru ba, sai don maƙwabtanta a jadawalin sun zame. Najeriya ta tashi daga ta 145 a 2023 zuwa ta 140 a 2024, amma maki ɗaya tak ta ƙara, daga 25 zuwa 26, kuma tun 2012 ba ta taɓa wuce 28 ɗin da ta samu a 2016 ba. Wasu kuma suna gwama makin yanzu da na kafin 2012, lokacin da ma'aunin 0 zuwa 10 ne kuma tsarin lissafin daban. Shekarun da Najeriya ta zo ta ƙarshe, wato 1996 da 1997 da 2000, ƙasashen da ke cikin jadawalin ba su kai 100 ba. Kamaru ma ta riƙe wannan kujerar a 1998 da 1999, ka tuna wa surukanka na Garwa idan suka fara yi mana gori.

To mun yarda da shi? Rabi da rabi. Ba za mu ce ƙarya ne ba, don mu ma muna ganin abin da ake yi. Tsohon gwamnan jiharmu, Joshua Dariye, 'yan sandan Landan ne suka kama shi a 2004, ya tsallake beli ya dawo gida. Sai a 2018 kotu a Abuja ta ɗaure shi shekara 14 kan kuɗin gyaran muhalli sama da naira biliyan 1, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 10, aka yi masa afuwa a 2022. Duk wanda ya san kududdufan da haƙar kuza ta bari a Bukuru da Barikin Ladi, waɗanda har yau suke cin yara da dabbobi, ya san abin da irin wannan kuɗin ya kamata ya yi. Ba ma buƙatar Bature ya ba mu maki kafin mu san haka.

Inda muke ja da jadawalin shi ne abin da ya bari a waje, kuma masu shi ba su ɓoye ba: ba ya auna halatta kuɗin haram, ba ya auna bankunan da ke karɓar kuɗin sata, ba ya auna cin hancin da kamfanonin wata ƙasa ke bayarwa a wata. Suwizalan ta sami maki 81 a 2024, amma daga hannunta aka dawo wa Najeriya da dala miliyan 321 na kuɗin Abacha bayan yarjejeniyar 2017, ban da waɗanda aka dawo da su daga bankunanta kafin nan. Kamfanin Glencore, wanda hedikwatarsa ke can, ya amsa laifi a 2022 cewa ya ba da cin hanci a Najeriya da Kamaru da wasu ƙasashen Afirka don samun kwangilar mai, har da kuɗi tsaba a jirgin sama na haya. Denmak da ke kan gaba, babban bankinta Danske ne aka gano a 2018 kusan yuro biliyan 200 na kuɗin da ake zargi sun bi ta reshensa na Estoniya. Mai karɓa ya sha kunya a jadawali, mai bayarwa da mai ajiya suna sahun farko.

Akwai wani ma'aunin da ya fi kusa da rayuwar irinmu, inda ake tambayar talakawa kai tsaye ko sun ba da wani abu a cikin shekara guda. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka sun yi irin wannan binciken sau uku. A na 2019, kashi 30.2 cikin ɗari na waɗanda suka yi hulɗa da ma'aikacin gwamnati sun biya ko an nemi su biya. An yi makamancinsa a Gana kan shekarar 2021, aka sami kashi 26.7. Ka ga tazarar ba ta kai yadda maki 42 da 26 ke nunawa ba. Na 2023 ya ƙiyasta an ba da cin hanci sau miliyan 87 a Najeriya, kuɗin ya kai naira biliyan 721, wato kimanin naira 8,284 kowane karo. A nan ka sami abin alfahari, don yankinku na Arewa maso Yamma ne ya fi yawan waɗanda suka ce sun taɓa ƙin bayarwa, kashi 76. Sai dai abin da mutum ya gaya wa mai takarda da biro ne, kuma Bakano bai cika son a ji ya yi abin kunya ba.

Abin da fatakenmu da direbobinmu suka sani, wanda ba ya cikin kowane jadawali, shi ne farashin cin hanci ya danganta da matsayinka a wurin. Ɗan gari yana biyan kaɗan ko ya wuce da gaisuwa, baƙo yana biyan mai yawa, baƙon da takardarsa ke da tangarɗa shi ne abincin ranar. Shi ya sa idan muna gwada ƙasashe a majalisar 'yan tireda ko a tasha, ba ma tambayar wace ce ta fi tsabta. Muna tambaya ne: idan takardunka sun cika cif, za a sake ka? Amsar da masu bin hanyoyin ke bayarwa kusan ɗaya ce. A Nijar jandarma zai duba komai dalla-dalla, in ya cika yakan bar ka, in bai cika ba tarar tana da zafi kuma roƙo ba ya aiki sosai. A Gana ana yin abin cikin ladabi, ba yawan tsawa, amma aljihu yana ji, musamman a bakin iyakar Aflawo. Gana ɗin nan ce aka sallami alƙalan ƙananan kotuna 20 a watan Disamba na 2015 bayan ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya ɗauke su a ɓoye suna karɓar kuɗi, har da akuya. A Kamaru da Cadi, ga harshen Faransanci da ba ka ji, ga shi ba sa cikin ECOWAS, shingen yakan fi tsada ga mai fasfon Najeriya. A gida kuwa, daga Jos zuwa Kano ta Saminaka ko zuwa Maiduguri ta Bauchi da Potiskum, kuɗin kowane shinge ba shi da yawa, yawan shingayen ne ke karya mutum, kuma cikar takarda ba ta hana a ce ka ga na ruwa. Wannan shaidar baki ce ta masu hanya, ba ƙididdiga ba, kuma tana sauyawa da sauyin gwamnati. Tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairu na 2025 ma lissafin hanyar Maraɗi da Damagaram ya zama wani abu daban.

Dabi'ar da kuke yi mana dariya a kanta, wai Bajashe ya cika son takarda kamar ɗan mishan, daga nan ta samo asali. Mai motar da zai ɗauki dankalin Turawa daga Bokkos ko kabeji daga Farin Gada ba ya tashi sai ya haɗa lasisin tuƙi, takardun mallakar mota, inshora, takardar lafiyar mota, rasit ɗin harajin kayan gona na ƙaramar hukumar da aka yi lodi, da takardar ƙungiya. In zai ƙetare iyaka ya ƙara fasfo, katin allurar shawara, da inshorar ƙetare. Kowacce a yi mata kwafi biyu, na asali yana cikin jaka, kwafi ake miƙawa ta taga, don idan ainihin takardar ta shiga hannun jami'i to ciniki ya koma hannunsa. Ana ware canjin hanya a aljihu daban da kuɗin kaya. Ba a tafiya mota ɗaya in ana iya jerawa uku ko huɗu. Kayan gwari ne suka fi jawo wulaƙanci, don jami'i ya san tumatir da kabeji ba sa jure kwana a rana, awa shida ya tsare ka ya gama da ribarka. Wurin da aka fi samun matsala shi ne rasit na bogi da yaran tasha ke sayarwa da rahusa, da lambar injin da ba ta dace da ta takarda ba bayan an sauya inji a gareji ba a je an gyara rajista ba.

Yanzu ga maganar takardar asali, wadda ita ce ta fi mana ciwo. Kai a Kano ka je wurin mai unguwa, ya sa hannu, dagaci ko hakimi ya sa, ka kai sakatariya da hotuna biyu da ɗan kuɗin da aka ƙayyade, ka karɓa. Ba ka taɓa tunanin takardar tana da wani daraja ba. Mu kuwa kakanninmu sun zo tun farkon ƙarnin da ya wuce, wasu fatauci, wasu fawa, wasu almajiranci, da yawa haƙar kuza, wasu ma ba da son ransu ba, a ɗiban gwamna na lokacin yaƙin duniya na biyu. Su suka cika Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo da Rikkos. Babangida ya ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, kuma tun daga nan rigimar waye ɗan ƙasa waye baƙo ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: 1994, 2001, 2008, 2010. Takardar nan ita ce ƙofar shiga aikin soja da ɗan sanda da aikin gwamnatin tarayya ƙarƙashin tsarin raba daidai, ita ce ta tallafin karatu da rangwamen kuɗin makaranta a makarantun jiha. A shiga jami'ar tarayya ma, kashi 45 ne kawai na cancanta, 35 na yankin da jami'a take, 20 na jihohin da ke baya a ilimi, don haka sunan jihar da ke kan takardarka yana iya raba ka da gurbi.

Yaron da aka haifi kakansa a Jos, in aka hana shi a nan, ina zai je? Sai ya nemi garin da aka ce kakan kakansa ya fito, Kazaure ko Bichi ko Katagum ko Zariya, inda babu wanda ya san fuskarsa. Wanda danginsa ba su yanke zumunci ba, ana zuwa biki da ta'aziyya, yana samu ta hanyar gaskiya: wani dattijo ya raka shi wurin mai unguwa ya shaida. Wanda zumuncin ya yanke shi ne ke faɗawa hannun dillalai. Kuma a nan, Malam, ka yi haƙuri, dillalan da masu sa hannun ba a Jos suke ba, a garuruwanku suke. In Bajashe ya sayi takarda, wani ɗan cikin ƙasar Hausa ne ya sayar masa. Ba mu ce daidai ba ne. Malamanmu suna faɗa a kan mumbari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa, kuma Izala da kuke ji da ita a nan Jos aka kafa ta a 1978. Amma kafin ka zargi yaron, duba Ibon da aka haifi ubansa a Sabon Garin Kano, ka gaya mini ko shi yana samun takardar Fagge cikin sauƙi.

Takardar dillali kuma ba ta ƙarewa lafiya. Ranar tantancewa ake gane ta: lambarta ba ta cikin rajistar ƙaramar hukuma, ko wanda ya sa hannu ya bar kujerar kafin kwanan watan da ke jiki, ko an tambayi yaro sunan hakimin garinsu da unguwannin da ke kewaye ya yi zuru. Wani lokacin takardar ta gaskiya ce amma sunan ya saɓa da na katin ɗan ƙasa, nan Muhammad can Mohammed, nan sunan uba can sunan gari. Shawarar da dattawan unguwa ke ba iyaye ita ce a zaɓi rubutun suna ɗaya tun daga takardar haihuwa, a riƙe shi a firamare da jarrabawar sakandare da katin ɗan ƙasa, a zaɓi jiha ɗaya kada a riƙe biyu, a kai yaro garin asali tun yana ƙarami ya san gidan da mutanen gidan, a nemi takardar tun yana aji huɗu na sakandare ba sai an buɗe ɗaukar aiki ba, lokacin da farashin dillalai ke ninkawa.

Kan ko mu Hausawa ne har yanzu, ba zan tsaya dogon musu ba. Hausarmu ta sha iskar dutse, mun sani, kuna cewa muna gajarta magana muna cusa Turanci. Muna cin gwate da acca kamar yadda muke cin tuwon shinkafa. Yaranmu suna tashi da abokai Kirista a aji ɗaya, ko da yake rigingimu sun raba unguwanni fiye da yadda iyayenmu suka sani, abin da ke damun duk wani dattijon Jos na kowane ɓangare. Amma lefe da sadaki da suna da zaman makoki da kunyar suruki duk suna nan. Abin da ya bambanta mu da ku shi ne mun tashi a wurin da sarki ba namu ba ne, shugaban ƙaramar hukuma ba lallai namu ba, don haka ba mu da wanda za mu ce a yi mana alfarma don ya san babanmu. Abin da ake kira alfarma a Kano, a kira wani a waya a ce ɗan wane ne, yana cikin abubuwan da jadawalin nan ke ƙirgawa a matsayin rashawa, ko da sisin kwabo bai fita ba. Shehu Usmanu ma ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa a kai. Mu namu na fili ne, naira ɗari biyu a shinge kowa yana gani, shi ya sa ya fi saurin shiga bakin mutane.

Auratayya kuwa ta daɗe, ba yau aka fara ba, kuma gidaje da yawa a cikin gari suna da kaka Birom ko Afizere ko Ngas. Ta ragu bayan 2001, amma ba ta mutu ba. Kuna ganinta kamar zubar da asali, mu kuwa a lokacin rikici waɗannan kawunnan ne suka ɓoye mutane a gidajensu, ta kowane ɓangare. Kuma tana da alaƙa da maganar takarda kai tsaye. Sashe na 318 na tsarin mulkin 1999 ya ce mutum ɗan jiha ne idan ɗaya daga iyayensa, ko ɗaya daga kakanninsa, ɗan wata al'umma ce ta asalin jihar. Bai ce uba kaɗai ba. Don haka yaron da mahaifiyarsa ko kakarsa 'yar Birom ce yana da hujjar doka ta neman takardar Filato. A aikace ofisoshi da yawa a faɗin ƙasar nan uba suke bi, kuma sunan Abdullahi ko Sani a kan fom ya isa a ce ka dawo gobe. Masu bin wannan hanyar suna tafiya ne da kawun yaron na wajen uwa, da wasiƙar dagacin ƙauyen uwar, da takardar asalin ita uwar, a shigar da buƙatar a rubuce a karɓi kwafi mai hatimin karɓa. Wasu suna samu, wasu ana ta ja musu rai har wa'adin ɗaukar aikin ya wuce. In aka nemi kuɗin da ba shi da rasit, ana iya kai ƙara a rubuce ga hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC ko hukumar sauraron koke-koken jama'a, kuma kwafin nan mai hatimi da kwanan wata shi ne abu na farko da za su tambaya.